Shayin Ɗan Fatoma

Ana tsakiyar zafin bazarar 2015, ina 'yar gala-gala a ƙofar gidanmu da ke unguwar Yerimaram a Potiskum, keke napep ya sauke wani ramammen mutum da rawani har hanci. Na kwasa da gudu ina kiran Inna, wai ga baƙo. Inna ta leƙo, ta saki ludayin da ke hannunta, ta zauna daɓas a ƙasa. Ashe Yaya Adamu ne, wanda tun kaka ya tafi sayen shanu wani gari na bakin iyaka, 'yan bindiga suka mamaye garin. Har an ba Baba shawarar yi masa sallar gawa, Inna ta ce sam.

Baba fatoma ne, mai saukar da fataken shanu. Kafin rikici zaurenmu ba ya rabo da mutanen Chadi da Nijar. Ni ke kai musu tuwo, Yaya ke dafa musu shayi, suna yi masa tsiya har ya iya irin nasu, mai kauri da ɗaci, a ɗaga buta sama a tsiyaya sai ya yi kumfa.

Muna zagaye da shi ya ba mu labari. Da sojojin Chadi da Nijar suka ƙwato garin, sai suka tattara samari a gindin bishiya suna tantancewa. Wanda bai gamsar da su ba, a jefa shi mota. Yaya ba Larabci, ba Faransanci. Da aka zo kansa, abin da ya fito masa kawai shi ne, “Ni ɗan fatoma ne, Potiskum.” Wani dattijon sojan Chadi ya tsaya cak. Ya sa aka kawo buta da gawayi, wani sojan Nijar ya fassara: “Ya ce in gaskiya ne, dafa.” Yaya ya durƙusa ya dafa. Dattijon ya kurɓa, ya ce, “Wannan a zaure ya koya.” Ya kwance rawaninsa ya ba shi.

Ina jin shugabanni a rediyo suna maganar rundunar haɗin gwiwa, ban taɓa zaton abin zai iso har tabarmar Inna ba.

Yanzu zauren ya zama shagon cajin waya, fatake a masauki suke kwana. Yaya ya yi furfura, 'ya'yansa shayin leda suke sha. Nakan kalle su in ji tsoro, don ban san me za su dafa wa baƙo ya gane su ba.