Shekarar da Rana Ta Yi Mura

A ƙauyenmu, can bayan Tamaske inda tudun duwatsu ya gangaro ya haɗu da fadama, kowa ya san matan gidanmu ba sa shuka. Suna noma, suna sussuka, suna ɗaukar dami a ka kamar kowace mace. Amma ranar da ruwan farko ya sauka, maza suka fita da sungumi, mata da yara suka bi su da ƙwaryar iri, su a gida suke zama suna dama fura. An ce hannunsu yana korar ruwa. Ta wajen uwa abin yake bi: kakata Maryama ta gada a wurin uwarta, ta ba innata, ni ma na tashi na tarar da shi yana jirana.

Dalilin kuwa a bakin wuta na ji shi. Babana yakan tafi bida, wato ci-rani, bakin teku da zarar an gama girbi, sai mu riƙa tarewa a gidan Kaka lokacin ɗari. Muna gama tuwo za ta tura mu mu kwaso karan gero, ta hura wuta a ƙofar ɗakinta, ta miƙe ƙafafu tana gasa su. Mace ce gajeriya mai faɗa, kuma ba ta fara labari sai ta gama zagin wanda ya kawo ɗanyen kara. Ta iya muryar Gizo har mukan riƙe ciki don dariya, ta iya kukan kura har ƙanena ya ɓuya a bayanta. Ina sonta sosai, ko da yake ni ce ta fi yawan ja wa kunne.

Akwai labari guda da takan ba mu sau ɗaya a shekara, shi kuma babu dariya a cikinsa.

"Ku gyara zama," takan ce. "Wagga ba tatsuniya ta ba. Kar wanda shi amsa mini, ku saurara kawai."

Labarin Tasalla ne, maginiyar tukwane, kakar kakanninmu. Wata shekara yumɓun fadama ya ƙi mata, sai ta je gindin wani dutse da ba a taɓa haƙa ba, ta ɗebo jar ƙasa. Tukwanen suka yi kyau, in an ƙwanƙwasa su sai su yi amo. Da ruwan farko ya sauka, ita ce ta riga kowa zuba iri. To a shekarar ne rana ta canza. Ta fito fari fat ba ƙarfi, mutum yana iya kallonta da tsakar rana idonsa bai yi hawaye ba. Da yamma kuwa sama ta yi ja wur, wata da watanni. Ruwa ya ɗan taɓa, ya ɗauke. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Da yunwa ta fara kwasar yara, mutane suka nemi wanda za su kama, suka tuna da ramin Tasalla. Aka farfasa tukwanenta, aka kore ta, ta yi arewa ba a sake jin ɗuriyarta ba. 'Yarta ƙarama aka bari a gari, bisa sharaɗin ita da 'ya'yanta mata ba za su ƙara taɓa iri ba.

"Shekarar da rana tay yi mura ke nan," in ji Kaka, tana tura kara cikin wuta.

Wata rana na tambaye ta, "Kaka, ita ta jawo?"

"Allah shi ya sani, Rakiya. Liman ya ce camhi na, ni ma na yarda camhi na. Amma in ni shuka ruwa ya ɗauke, wa za a ce?"

Wannan amsa ta ba ni haushi tun ina yarinya. Matar da ba ta tsoron kowa a garin, ga ta tana tsoron hatsi cike da tafin hannu.

Lakkol, wato makarantar boko, ta ɗauke ni daga ƙauye zuwa Tawa, daga nan Yamai, daga nan ƙasar waje. Duwatsu na karanta. Na yi shekaru ina hawa duwatsu masu aman wuta ina ɗebo toka, sannan aiki ya kai ni ɗakin sanyi inda ake ajiye ƙanƙarar da aka haƙo daga ƙarshen duniya. A can dusar ƙanƙara ba ta narkewa, ta bana tana hawa kan ta bara, kamar yadda ake jera dami a rumbu. Sai a huda da na'ura a zaro ta doguwa kamar taɓarya, mu kuma mu yanka mu duba abin da iskar kowace shekara ta bari a ciki. A gida labarin ya zama abin dariya. Kawu Illa, ƙanen innata, yakan ce 'yarsu ta ƙetare teku karatun ƙanƙara, alhali ga ta ana sayarwa a tashar Keita.

A wannan aiki na san cewa idan babban dutse ya yi aman wuta, hayaƙinsa mai farar wuta yakan hau can sama ya bazu ya lulluɓe duniya. Rana ta yi fari, yamma ta yi ja, kuma a wasu irin waɗannan shekaru damina takan yi rauni a ƙasashenmu. Daga baya hayaƙin ya sauko ya kwanta cikin ƙanƙara, inda muke samunsa. Ba ni na gano haka ba, na tarar an sani. Amma ranar da na fara ganin irin wannan shekara a awon da na yi da hannuna, sai na fita daga ɗakin na zauna a ƙasa na yi kuka. Abokan aikina sun ɗauka mutuwa aka yi mini.

Na dawo gida ana dab da damina. Kaka ta tsufa ƙwarai, idonta ya rage, amma bakin yana nan. Na zauna a tabarmarta na yi mata bayani dalla-dalla, ta saurara har na gama.

"To, kin ga shekarar Tasalla a cikin ƙanƙarar taku?"

Na so in ce eh. Amma shekarun irin wannan suna da dama, kuma babu wanda ya san lokacin da Tasalla ta rayu.

"Ban san wacce ce tata ba, Kaka. Na dai san abin da ke sa rana ta yi haka. Dutse ne a wata ƙasa mai nisa."

"Ba hannun mace ba?"

"Babu hannun da zai iya."

Ta murza carbi, ta ce, "In ni shuka bana, za a yi ruwa?"

"Ban sani ba. Aikina abin da ya wuce yake gani."

"Ashe karatun naki bai da wani anhwani," ta ce, har da ɗan murmushi.

Kawu Illa ya ji maganar, bai ji daɗi ba. Ya kira ni gefe. "Ke za ki hau awiyo ki bi sama ki koma. Mu muna nan. In damina ta ɓaci, tsohuwar ga za a zaga har kushewa, kin yi tunanin wanga?" Gaskiya ya faɗa.

Ruwan ya sauko wata ranar Laraba. Da safe ina ɗaure kallabi sai na ga Kaka ta fito da sandarta, ta yafa zanen da take zuwa suna da shi. Na raka ta har gona, ta miƙa wa Kawu hannu.

"Ba ni ƙwaryar."

"Inna, mutane na kallo."

"Su kalla. Sara mini rami, Illa, ko in nemi wani ɗa."

Ya sara. Ta bi bayansa a hankali, ina riƙe da gwiwar hannunta. Ba ta iya ba, tun da ba ta taɓa yi ba: takan zuba iri ya yi yawa, ta manta ta rufe da diddige, sai wata jikarta mai shekara bakwai, 'yar Kawu Illa da abin bai bi ta kanta ba, ta riƙa gyara mata. Maƙwabtan gona suka tsaya da sungumi a hannu suna kallonta. Layi ɗaya ta yi ƙarfinta ya ƙare, ta zauna gindin gawo tana kallon tafin hannunta.

Na daɗe ina ɗauka labarin Tasalla yana koya mana yadda jahilci ke cutar da mutane, kuma ilimi zai zo ya warware. Yanzu ina ganin abin ya fi haka. Ni dalili kawai na kawo. Ban iya yi wa Kaka alkawarin ko ɗigon ruwa ba, kuma ta san da haka lokacin da ta miƙa hannu. Ta ba mu labarin shekara da shekaru don kada a manta da matar da aka zalunta, sannan ta yarda a zage ta ita ma in ya kama, don 'yan matan gidan su huta.

Daminar ta zo tsaka-tsaki, har ruwa ya ɗauke na wasu kwanaki aka fara tsegumi, sannan ruwa ya dawo. Kaka ba ta ga girbi ba, ta rasu gero yana fitar da kai. Ina bakin aiki Kawu Illa ya kira ni a waya bayan an shigar da amfani. Ya ce ya yanke zangarnun layinta dabam, ya ɗaure su, ya rataye a cikin rumbu.

Na ce, "Sadaka za a yi mata da su?"

"A'a," ya ce. "Iri na. Baɗi ɗiyan gidan mata su za su zuba shi."