Kujerar Gaba a Motar Vandi

Duk wanda ya zauna a Mubi zamanin jihar Gongola ya san Vandi da farar fijonsa mai buɗaɗɗen baya. Mutumin Michika ne, maƙwabcina, dattijon coci wanda ƙarya ko ta wasa ba ta fita daga bakinsa. Gyaɗa da dawa yake ɗauko wa 'yan kasuwa daga Gude da Sorau. Ina ƙaunarsa, amma ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba.

Abin ya faro ne shekarar da ya je biyan haraji. Wani ma'aikaci ya gaya masa cewa ana cire kuɗin inshorar mota daga ribar da ake yanka wa mutum haraji a kanta, muddin motar ta sana'a ce. Vandi ya ce ta sana'a ce. Ba wanda ya sa shi rantsuwa, amma shi a wajensa ya riga ya yi alkawari gaban Allah da gwamnati.

Ranar Lahadi matarsa Mairamu ta ci ado, ta buɗe ƙofar gaba ta shiga motar, za su coci.

"Sauka," in ji shi. "Wannan mota na sana'a ne yanzu. Coci ba sana'a ba ne."

"To ni fa?"

"Ke matana ne. Gwamnati bai san ki ba."

Haka suka riƙa takawa, motar tana hutawa a gindin mangwaro. Da surukarsa ta kwanta ciwo, sai da ya ɗora buhun wake a baya kafin ya kai ta asibiti, ya wuce da buhun kasuwa ya sayar, don kada tafiyar ta zama ta gida. Mairamu kuwa ta ƙi wannan dabara. Ta ce ita ba za ta yi wa buhu rakiya ba. In ba za a ɗauke ta don ita kanta ba, a bar ta da ƙafarta. Yara suka girma, gwiwarta ta fara ciwo, tana tafe tana tsayawa. Vandi yana gani, abin yana ci masa rai, amma ya kasa karya maganarsa. Ni kam haushinsa nake ji.

Ranar auren 'yarsu Rachael aka kwana ana ruwa. Mairamu ta yi gaba da mata tun da safe. Vandi ya dubi farar rigar amarya, ya dubi taɓo, ya ce ta shiga mota. Ko ƙwayar wake babu a baya.

Ranar Litinin ya kai kansa ƙara ofishin haraji. Ya tarar da sabon ma'aikaci, Malam Bakari, ya zayyana masa laifinsa tun daga farko. Bakari ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Baba, ai rabawa ake yi. Ka faɗi yawan tafiyar sana'a da ta gida, a cire maka rabon sana'a, shi ke nan. Wa ya hana ka ɗaukar iyalinka?"

"Tun yaushe ne haka?"

"Tun can da ma."

Da wani mijin ne, da ya ja bakinsa ya ɓoye maganar. Vandi ya dawo gida ya gaya wa Mairamu komai. Ta ci gaba da tankaɗen garinta.

Lahadi ta zagayo. Ya wanke mota, ya goge kujerar gaba, ya buɗe ƙofa ya tsaya. Mairamu ta fito, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ƙafana ya saba," ta ce, ta wuce.

Daga ranar, duk Lahadi sai ka ga Mairamu tana ɗingisawa a gaba, fijo tana binta a baya a giyar farko, mutanen unguwa suna ƙunshe dariya. Da na gaji da kallo, na ce masa ya haƙura mana, mai kawai yake ƙonawa.

Idonsa ya kawo ruwa.

"Mairamu zai gaji wata rana," ya ce. "Ina so in ya juya, ya same ni a wurin."