Jakata Ce Ta Zaunar da Baffa

A lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a nan Bauchi, ina haya a unguwar Ɗan Iya, ga tumbi ya fara fitowa, ga cika baki. Asalinmu makiyaya ne, amma ni a gari na tashi, ban taɓa bin saniya ba. 'Yan ofis kullum sai sun tsokane ni, wai Bafulatanin da ko nono sai ya saya a kanti. Abin yana cina. Da na ji ƙanin mahaifina, wanda muke kira Baffa, zai kora shanu kudu neman ciyawa da rani, sai na ɗauki hutu na ce da ni za a yi, a ƙasa, in dawo da hotuna in rufe bakin kowa.

Na sayi wata ƙatuwar jakar goyo a wajen 'yan gwanjon Shadawanka. Na cusa bargo, takalma, sukari, madara, kifin gwangwani, har da ƙaramin risho don shayi. Mata da jakai masu ɗaukar kaya sun riga sun yi gaba, don haka kowa kayansa a jikinsa. Baffa ya ɗaga jakar ya ajiye, ya tambaye ni ko ƙaura zan yi. Shi sanda ce kawai da gora da ɗan mayafi. Ya ce in rage, doguwar tafiya ba ta son kaya. Na yi dariya na ce ai da sauran ƙarfina. Kaico!

Ranar farko na daure. Kashegari igiyar jakar ta yanka mini kafaɗa, ƙafa ta yi bororo, ina tafiya ina zama, shanu kuwa ga ƙishirwa, ruwa na nesa. Baffa bai yi mini faɗa ba, ya ce in kawo ya riƙe mini kaɗan. Na san ya manyanta, na san gwiwarsa na damunsa, na kuma san halin mutanenmu, ko wuta ke cinsu ba za su ce wash a gaban ɗa ba. Duk da haka na miƙa. Kaɗan ɗin nan ya zama kwanaki. Da kunya ta ishe ni na ce mu zubar da wasu kayan, ya ce ba a zubar da abin arziki a daji. A gangaren wani dutse nauyin ya rinjaye shi ta baya, ya faɗi, ƙugunsa ya karye.

Yanzu a gidana yake. Shanun suna hannun 'ya'yansa, shi kuwa sai zaman ƙofar gida yana kallon keke na wucewa. In aka koro shanu za a kai mahauta, sai ya bi su da ido har su ɓace. Wallahi na gaji. Na gaji da zaryar asibiti da masu ɗori, amma abin da ya fi gajiyar da ni shi ne, duk sanda na nemi gafararsa sai ya ce ƙaddara ce, in daina zancen. Da ma zagina yake yi, da na samu sauƙi.

Don Allah duk mai shirin doguwar tafiya a ƙasa, ya goya jakarsa ya yini da ita tun a gida, ya cire duk abin da burga ce ta sa shi. Kayan da ka kasa ɗauka ba a hanya yake zama ba, wanda ya fi ƙaunarka ne zai ɗauka. Rishon nan, har muka dawo, ko sau ɗaya ba mu kunna shi ba.