Dutsen Niƙan Mama Saratu

Laifina ɗaya ne tak, kuma na amsa shi: na ce "akwai wuri."

Saura kwana uku Kirsimeti, ina aji shida na firamare, Baba ya aro ƙaramar tirela mai taya biyu daga Malam Modu mai walda a Gamboru, ya ɗaura ta a bayan tsohuwar motarmu don mu tafi ƙauye wurin Kaka. Ni babu abin da ya dame ni sai kekena. Shekara guda ina cika wa 'yan'uwana na ƙauye baki a kansa, har na ce musu yana tsere wa babur.

Malam Modu ya nuna wa Baba wani ɗan ƙarfe da aka rubuta iyakar nauyin da tirelar za ta ɗauka. "Malam Bitrus, mota ba jaki ba ce," in ji shi. "Kaya da mutane duk inji ɗaya zai ja, birki ɗaya zai tsayar. Mai nauyi ka sa shi daidai kan taya." Baba malamin lissafi ne, ya auna komai, har ni ya ce na kai rabin buhun masara. Ya loda kaya, ya ɗora kekena a sama, ya tafi coci ya bar ni gadi.

To a unguwarmu Lamisula ba ka tafiya kudu ba tare da saƙon maƙwabta ba, kuma yaro bai isa ya ce wa babba a'a ba. Mai busasshen kifi ta zo, mai galan ɗin manja ta zo, wani ya kawo siminti buhu biyu. Kowa ya tambaya, in leƙa, in ga sarari, in ce akwai wuri. Daga ƙarshe ƙarti uku suka turo dutsen niƙan maƙwabciyarmu Mama Saratu, wanda na rantse an fasa shi ne daga gindin duniya. Na sa aka tura shi can ƙarshen baya, na rufe da tampol.

Washegari ko ƙofar gari ba mu kai ba tirelar ta fara rawa kamar an buga mata ganga, tana jan gindin motar hagu da dama. Baba ya taka birki, motar ta yi kamar ba da ita ake ba, sai da muka sumbaci wata bishiyar dalbejiya. Ba wanda ya ji ciwo, sai kunnena da Mama ta murɗe.

Abin da har yau yake ƙona min rai shi ne hukuncin. Baba ya mayar da dutsen kan taya, ya ce dole a rage kaya, amma saƙon mutane amana ne. Saboda haka aka sauke katifarmu, da buhun shinkafarmu, da kekena. Kekena da ko kaza bai kai nauyi ba! Manyan da suka kawo siminti kuwa, ba wanda ya murɗe musu kunne.

Yanzu ni nake karanta wa Baba ɗan ƙarfen nan kafin kowace tafiya, keken kuma ya yi min kaɗan. Dutsen ya isa ƙauye lafiya. 'Yan'uwana ba su taɓa ganin keken ba, kuma har gobe Mai Babur suke kirana.