Ku Cire Sunan Saudatu Daga Kan Abin Nan

Bana shekara biyar ke nan da rasuwar 'yata Saudatu. Ban yi boko ba, amma na san a daminar da ta biyo bayan kullen korona ne, tun ba a shiga wahalar canjin kuɗi ba. Ni ke faɗa, ƙanwarta Binta ke rubutawa, na kuma ce kada ta sassauta mini ko kalma ɗaya.

Saudatu malamar kwamfuta ce a Gumel. Ita da malamai biyar suka ɗauki wani tsarin kwamfuta na kyauta, irin wanda kowa ke iya buɗe cikinsa ya gyara, suka mayar da shi Hausa, suna sa wa tsofaffin kwamfutocin makarantu daga Gagarawa har Maigatari. Abu ɗaya ya raba kansu: wace burauza za a sa, wato ƙofar da mutum zai fara tararwa in zai shiga intanet.

Na ce, "Ke kuwa, a kan ƙofa ake ta da jijiyar wuya? Wanda bai so ba ya canza mana."

Ta ce, "Inna, baƙon da ya kawo shanu kasuwar Maigatari, dillalin da ya fara kama igiyarsa shi zai bi har ya bar gari. Ba mai canzawa."

Nan take na gane, don ni ma na tsufa a kasuwa. Ta zaɓi wadda ba ta shanye data, tana jin Hausa, ba ta bin sawun yara. Ɗayar, ta wani babban kamfani, ta ce 'yar leƙen asiri ce. A tsakar gidan nan suka ɗaga hannu, huɗu, har da ita, suka rinjayi biyu.

Makon jiya uku daga cikinsu suka zo gaishe ni, kowa da hular kamfani. Wai sun fito da sabon tsari, sun sa masa sunanta don tunawa. Ga hotonta kuwa da shuɗin mayafi a fuskar kwamfutar da suka zo da ita. Binta ta danna, sai ga ƙofar nan da ta ƙi, Turanci zalla, tana neman lambar waya, tallan man bilicin na tsalle kusa da fuskar 'yata.

Babbansu, Malam Sabo, wanda da idona na ga ya ɗaga mata hannu, ya ce, "Hajiya, zamani ne. Ita kowa ya sani."

Na ce, "Malam, ɗauki hularka. Tir!"

Da tana raye ba za ta yi hayaniya ba. Kallo ɗaya za ta yi masa ya kasa shan furar da aka ba shi.

Ban hana su zaɓinsu ba, kwamfutarsu ce. Amma Saudatu ni na yi naƙudarta, ba a tallata min ita. Ku cire sunanta.

Cikin waɗanda suka tsaya mata, Malam Isuhu ya rasu bara, Allah ya jiƙansu duka. Saura Malama Hadiza a Sule Tankarkar, har yau ɗalibanta ta ƙofar Saudatu suke shiga, ba ta kuma manna hoton kowa ba. Sai ni, da bakina.