Jikan Inna Tasalla da Ɗigon Gudawa

A unguwarsu a Roni, in ka ce Inna Tasalla ba mai tambayarka wacce. Ungozoma ce tun da jajayen sawunta, rabin samarin unguwar ita ta riga iyayensu ganin fuskarsu, kuma ba ta bari su manta. Gajera ce mai faɗin murya, in ta yi sallama a zaure har maƙwabta sai sun amsa. Hali ɗaya gare ta da kowa ya sani: in aka ba ta magana mudu guda, kafin ta kai gida na uku ta cika buhu. Ba ƙarya take nufi ba, son abin ne yake yi mata yawa.

Ta haifi shida, ta binne biyu, duka da gudawa da amai. Har ta tsufa ba ta manta yadda maɗigar kan yaro ke faɗawa ciki ba, yana kuka babu hawaye. Saboda haka da aka kawo sabon ɗigon riga-kafi asibitin sha-ka-tafi na unguwar, ita ce ta fara ɗaura ɗamara. Malama Zaituna, ma'aikaciyar asibitin, ta yi mata bayani dalla-dalla: ɗigon na wata ƙwayar cuta ce da ake kira rota, sau uku ake ba jariri a watanninsa na farko, yana rage tsananin cutar ƙwarai, amma ba kowace gudawa yake tarewa ba, kuma ba kowane yaro yake kamawa daidai ba. Inna ta ɗauki rabin farko, ta bar wa Zaituna sauran. Ta shiga gida-gida tana rantsuwa cewa duk ɗan da aka ɗiga wa, shi da gudawa har abada. Kowace ranar riga-kafi kuwa tana kan benci a bakin asibiti, tana ganin wadda ta zo da wadda ta maƙale, ba ta tashi sai an kira azahar.

Autanta Ashiru mai haya da babur ne, ya auro Sadiqa daga wata rugar Fulani a wajen Gwiwa. Yarinya ce mai kunya irin ta gidansu, ba ta cin abinci a gaban suruka, ba ta ɗaga kai in ana mata magana. Da ta haifi ɗan fari aka sa masa sunan marigayi mijin Inna, Muhammad Auwal, ana ce masa Maikasuwa don ranar kasuwa ya zo. Sai kunyar ta zama biyu, ga ɗan fari, ga sunan suruki. Ko kuka yake yi, in Inna tana tsakar gida, Sadiqa sai ta yi kamar ɗan wata ne, har sai an ce mata ta ɗauke shi. Inna ta san wannan al'ada sarai, har takan yi wa ƙawayenta alfahari da ita.

Yaron yana wata bakwai, cikin sanyi, gudawa ta kama shi. Kafin yamma ya yi laushi, idanu sun zurma, aka kwashe shi zuwa asibiti aka ɗaura masa ruwa. An yi rashin sa'a Malama Zaituna tana Kazaure wajen wani kwas, wani baƙon ma'aikaci ne a madadinta. Matan unguwa suka cika baranda da sannu, kuma a cikin sannun Inna tana jin abin da ba a faɗa ba. Can wata tsohuwa da suka daɗe suna 'yar tsama ta ce, cikin murya mai taushi, ashe har jikan mai ɗigon ma yana yi.

Kunya ta rufe Inna tun daga kai har ƙafa, ga tsoron kada ta binne na uku. Ta duba ta ga Sadiqa a rakuɓe can gefe, fuska a rufe da mayafi, ko kusa da gadon ba ta zo ba. Nan take ta sami inda za ta sauke kayan.

"Ba a ɗiga masa ba," in ji ta, yadda kowa zai ji. "Ni nake zama a bakin asibitin nan, ban taɓa ganin ƙafarta ba. Ta ce mini ta kawo shi, ashe ƙarya take yi."

Sadiqa ba ta ce uffan ba. Yaya za ta yi musu da uwar miji a gaban jama'a, a kan ɗan fari kuma? Shirun nata ya zama shaida. Ko katin riga-kafin yaron ba wanda ya nema, don a unguwar maganar Inna ta fi kati ƙarfi. Allah ya tashi kafaɗar Maikasuwa, amma Ashiru ya daina cin tuwon matarsa, kuma bayan an sallame su ya ɗora ta a babur da yaron ya kai ta gidansu, wai ta huta. Kowa ya san irin wannan hutun.

Da Malama Zaituna ta dawo ta ji labari, ba ta aika a kira Inna ba, da ƙafarta ta zo. Ta durƙusa ta gaishe ta, suka taɓa hirar sanyi da tsadar gero, sannan ta ce da hannunta ta ɗiga wa Maikasuwa, duka ukun, ba a tsallake ko ɗaya ba. Inna ta ce to ita tana ina? Zaituna ta ce tana kan bencinta. Sadiqa takan zo tun da hantsi ta bayan asibiti, ta zauna a gindin dalbejiya da goyonta har rana ta take, sai ta ga Inna ta tafi salla sannan ta zagayo. Dalili kuwa, a layi ana kiran sunan yaro ne da ƙarfi, uwa ta amsa. Ita kuma ba za ta iya amsa sunan Muhammad Auwal a gaban matar Muhammad Auwal ba.

Sai Inna ta kama wani reshen, ta ce to in an ɗiga, me ya sa bai yi aiki ba, ko maganin ne ya lalace? Zaituna ta ce ba lallai ba. Gudawa iri-iri ce, ta yiwu ma ba rota ba ce ta kama shi. In kuma ita ce, masu bincike sun gano yara ba ɗaya suke ba. A jikin hanjin jariri akwai wasu 'yan abubuwa da maganin ke maƙalewa a kansu kafin jiki ya koyi faɗa da cutar. Wani yaron ana haihuwarsa da su, wani kuma babu, sai ɗigon ya kama shi sama-sama. Halitta ce, gadonta ake yi kamar tsawo ko hasken fata, kuma ba wanda zai ce ga irin Maikasuwa sai an yi gwajin da ba a yi a nan. Duk da haka ana ba kowa, don yana ceton yara da yawa.

Da jin kalmar gado sai Inna ta ɗan gyara zama. Abin kunya ne a faɗa, amma daɗi ta ji, ta ɗauka ƙofa ce ta buɗe.

"To daga wajen uwar ke nan," ta ce. "Jininsu ne na daji."

"Inna, irin wannan sai an haɗu," in ji Zaituna a hankali. "Sai uwa ta ba da nata, uba ma ya ba da nasa."

Uban kuwa Ashiru ne, Ashiru kuma ita ta haife shi. Ta tuna 'ya'yanta biyu da ke kwance a maƙabarta, ta tuna yadda tata surukar ta ce sakacinta ne, da yadda ta haɗiye maganar shekara da shekaru tana ci mata rai. Ko gado ne ya ɗauke su ko ba shi ba, Allah ne masani. Abin da ta sani shi ne, maganar da aka yi mata ita ce ta ɗauka ta yi wa 'yar mutane, ta ƙara da kiranta maƙaryaciya.

Ba a saba ganin uwar miji ta je biko da kanta ba, amma Inna ta sa Ashiru ya goya ta har rugar. Ta zauna a gaban iyayen Sadiqa ta faɗi abin da ta yi ba ragi, kuma wannan karon ba ƙari. Aka ba ta haƙuri kamar ita aka yi wa laifi, wannan ya fi komai yi mata ciwo. Sadiqa ta kawo mata nono a ƙwarya, ta durƙusa, kanta a ƙasa. Inna ta so ƙwarai yarinyar ta ɗago ta faɗa mata baƙa ko ɗaya ce, amma ba ta samu ba.

Sadiqa ta dawo ɗakinta. Inna ta bi gidajen da ta bi a da, tana mayar da rabin maganar da ta bar wa Zaituna, tana kuma wanke surukarta. Wasu suka yi mata dariya a bayan ido, ta ji, ta shanye.

Da Maikasuwa ya cika wata tara aka zo allurar ƙyanda. Inna tana kan bencinta, mata sun yi layi, sai ta hango gefen wani mayafi da ta sani a bayan katanga. Ta tashi, mata suna tambayarta ko lafiya, don ko hantsi bai gama ba. Ta zagaya, ta ce wa Sadiqa ta je ta shiga layi, rana tana yi wa yaro yawa. Sannan ta zauna a gindin dalbejiyar, a kan wani dutse da ba ya zaunuwa, ga tururuwa, ga inuwar ba ta kai ta kawo ba. Nan yarinyar ta yi ta zama da goyo saboda ita. Inna tana nan zaune ta ji an ɗaga murya an kira sunan marigayi mijinta, ta kuma ji wata siririyar murya daga cikin layi ta ce, "Na'am."