Murfin Taya Ya Riga Mai Shi Isowa Gida

Da daminar bana shekara arba'in ke nan da mijina ya fita daga gidanmu na Anka da niyyar kwana ɗaya a Gummi. Ban taɓa kiran sunansa da bakina ba yana raye, ba kuma zan fara yau a jarida ba. Malamin Gona ake ce masa daga Anka har Bukkuyum. Ba shi da kabarin da zan nuna wa ɗansa in ce ga ubanka nan. Abin da ya dawo mana nasa murfin taya ne guda ɗaya, shi ya sa in na tashi tuna shi da ƙarfe nake farawa, jikoki su yi ta kallona kamar na fara ruɗewar tsufa.

Motar tasa kunkuru ce, irin mai inji a baya, shuɗiya. Tun da ya sayo ta, 'yan shekaru bayan aurenmu, ta riga ta sha jiki a hannun wani. Hanyoyinmu na lokacin kuwa jar ƙasa ce da gargada. Duk mai mota ya san in ya je Gummi ya dawo, sai ya bar wa daji murfin taya ɗaya ko biyu, mutanen ƙauye su tsinta su rufe tuwo. Shi wannan abu ya tsaya masa a rai. Yana iya fita da riga duk miya, amma kada ya ga tayar motarsa tsirara.

Murfin ba ƙusa ke riƙe shi ba. Wasu 'yan harsunan ƙarfe ne masu tauri, kilif ake ce musu, biyar a jikin kowane wili. Ana kafa kowanne da 'yar gajerar ƙusa da ake dakan kanta har ya baje, sannan a dafa murfin a kansu su cije shi ta ciki. Aikin mutum biyu ne, dole wani ya tokare ƙusar da dunƙulen ƙarfe ta baya, wani ya buga. Bai yarda da hannun kowa ba, don haka ni, malamar firamare da ko taɓarya ba na son ɗauka, ni na zama mai tokarewa. Mahaifiyarsa, Inna, tana zaune bakin ɗakinta tana kaɗi tana yi mana tsiya.

"Ka auro ɗiyar mutane ka maishe ta maƙeriya," in ji ta. "Ke ko Hajo, da kin ƙiya da ya sake ki?"

Wata Juma'a da hantsi muna kan wilin ƙarshe, ƙusa ɗaya ta yi tsalle ta ɓace cikin ƙasa. Muka tankaɗe ƙasar nan har da rariya, babu. A Anka ba a sayar da irinta, shi kuma ya kumbura kamar an yi masa sata. Haushi ya kama ni, na tuɓe munduwar jan ƙarfe da ke hannuna na jefa masa na ce ya yanka ya huta, mu ma mu huta. Na ɗauka zai ji kunya. Wallahi sai mutumin nan ya ɗauko zarto ya yanke bakinta, ya goge, ya ce in tokare. Da ya gama ya mayar da tayar, ya ɗora murfin, ya dake shi da gindin tafin hannu, bam.

"Ran da kunka ga murhin ga ya iso gida ba ni," ya ce yana dariya, "to ku kira liman. Hanya dai ba ta isa ta hidda shi ba."

Inna ta ce ya tofar da yawu, bakinsa ya sari ɗanyen kashi. Ya tofar yana dariya. Daga ranar, duk safiyar da zai yi tafiya sai ya zagaye motar yana dukan kowane murfi da tafi. Wannan sautin shi ne sallamarsa, don mutum ne da bai iya ban kwana ba.

Ranar da ya tafi an wuni ana ruwa a kudu, mu nan ko yayyafi babu. An gan shi a Bukkuyum bayan azahar. Wasu manoma sun ce sun hango shuɗiyar mota ta nufi wani mashigin rafi da ke kan hanyar Gummi, kafin ruwa ya sauko daga tudu gaba ɗaya. Ba wanda ya ga ta shiga, ba wanda ya ga ta fita. Masunta sun bi rafin har inda ya faɗa gulbi, ba mutum ba mota. Yashin wurin yana haɗiye abin da ya fi mota.

Dangi suka ce a yi masa sallar da ake yi wa wanda ba a ga gawarsa ba. Inna ta ƙi. "Ku kawo man gawa, ko ku kawo man shaida. Ba a yi wa ɗana salla bisa zato." Ban ga laifinta ba, don ni ma ban so a yi ba. Amma ni na zauna a tsakiya, ba matar aure ba, ba mai takaba ba. In na sa lalle a ce na manta da shi, in na bari a ce ina yi masa fatan mutuwa. Ɗanmu Nasiru yana goye a lokacin. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai nonona ya zubo don faɗuwar gaba. Na sha jin wannan bam ɗin da asuba, in fito da gudu in tarar jaki ne ya taka kwano.

A rani na biyu wata Bafulatana ta yi sallama da nono. Ta sauke ƙwaryarta, sai na ga a maimakon faifai wani abu mai ƙyalli ta rufe ta da shi, gefensa ɗaya a lotse. Irinsa sun cika ƙauyuka, na gaya wa kaina haka. Duk da haka na ce ta ba ni in gani.

"Cikin yashi nit tsince shi, can ƙasa da mashigi, da munka sauka da shanu," in ji ta. "Wanga ɗan ƙarhe na ciki ya ƙi hita, na yi na yi."

Na kifa shi. Kilif ɗaya ya tsinko daga wili ya maƙale a leɓen murfin, ƙusarsa na jikinsa, ta yi tsanwa. Na kankare da farce, ja ya fito. Ban yi kuka ba a lokacin. Na ba matar faifai biyu da kwanon sha, na shiga wurin Inna na ajiye mata a cinya. Ta shafa ƙusar, ta kamo hannuna ta juya munduwar har ta kai ga yankakken bakin. Ta daɗe tana riƙe da ni.

"Ya hwaɗi da bakinai," ta ce. "Aika a kira liman."

Alƙali ya saurari manoman nan, ya duba murfin, ya yanke. Na shiga takaba bayan kowa ya gama kukansa. Abin kunya ne in faɗa, amma daren farko na takabar shi ne na fara yin barci har safe.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Zai yi murna da kwalta da gadoji. Zai yi tsaki in ya ga murafun roba da ake ɗaure wa taya da tsirkiya. Amma ban san da wane baki zan gaya masa cewa hanyar da ruwa kaɗai ake tsoro a kanta, yanzu mutane ke tare ta da rana tsaka ba. A unguwarmu kaɗai akwai matan da ke zaman da na yi, waya a hannu, ba su san ko su sa lalle ko su bari ba. In sun zo gaishe ni ba na ce musu su yi haƙuri, na san nauyin kalmar. Nakan dai roƙa musu Allah Ya aiko da wani abu, ko da ƙarfe ne.

Bara Nasiru, wanda yanzu ya wuce shekarun da ubansa ya yi a duniya, ya jawo wata mushen kunkuru daga Gusau ya ce zai tashe ta. Na same shi a tsakar gida yana kallon yadda ake kafa kilif a waya, ƙusa na ta zille masa. Na ce ya kashe abin nan ya miƙo mini dunƙulen ƙarfe. Hannuna ya tsufa, amma bai manta ba. Da muka gama ya ce da ni, "Ki ba ni murfin Baba." Na yi mako ina jan rai. Daga baya na ciro shi daga ƙasan adaka, na ce ya fid da kilif ɗin ya ba ni abina, murfin ya ɗauka. Ya buge lotsawar, ya ɗora, ya dake shi da gindin tafi. Ba wanda ya koya masa.

Watan jiya ya ce zai je ɗaurin aure Gummi da ita. Na hana, ya lallashe ni, na bari. Na ɗauki kujera na zauna a zaure tun hantsi, munduwar nan a hannuna ina juyawa, ban ci ba ban sha ba. Bayan la'asar na ji kukan injin daga nesa. Ban kalli fuskar ɗana ba da ya tsaya, Allah Ya yafe mini, taya na fara dubawa. Murfin na nan, ya yi jawur da ƙasa. Shekara arba'in ina jiran ya shigo gidan nan a jikin mota, da mutum a ciki.